Denis Burkitt, likitan da ya bi sawun sankarar yara a taswirar Afirka

A shekarar 1957 aka kawo wa wani likitan fiɗa a asibitin Mulago da ke Kampala yaro mai kumburin muƙamuƙi sama da ƙasa. Ba a jima ba ya sake ganin wani yaron da irin wannan kumburi. Likitan shi ne Denis Parsons Burkitt, kuma cutar da ya gani a lokacin ita ce a yau likitocin duniya ke kira da sunansa.

An haife shi ranar 28 ga Fabrairu, 1911, a Enniskillen ta ƙasar Ayaland. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama a wani hatsari, amma hakan bai hana shi karatun likitanci a Dublin ba. Bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya isa Yuganda a 1946.

Burkitt ba mutumin ɗakin gwaje-gwaje ba ne. Ido da haƙuri ne jarinsa. Ya tono tsofaffin takardun asibiti, ya wallafa bayanin yara 38 a 1958, kusan babu wanda ya kula. Da ɗan tallafin fam 25 ya buga takardun tambaya ya aika wa asibitocin Afirka. Sai a 1961 shi da abokansa likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar mil 10,000 suna bin asibitoci ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san yawan kuɗin da ake kashewa kan taron bita guda a Abuja zai jinjina wannan aiki.

Taswirar da ta fito ta ba da mamaki. Cutar ta fi yawa a wurare masu zafi da ruwan sama mai yawa, ta ƙaurace wa tsaunuka masu sanyi da busassun yankuna. A Nijeriya ta yawaita a kudu, ta yi ƙaranci wajen Kano. Wannan kuwa ita ce taswirar zazzaɓin cizon sauro. Damina irin ta Maikunkele da kewayen Minna, inda sauro ke cin kasuwarsa watanni da dama, tana cikin yanayin da ya bayyana.

A Maris na 1961 ya gabatar da lacca a asibitin Middlesex na Landan, inda Anthony Epstein ya saurare shi, ya roƙi a riƙa aiko masa samfurin ƙarin daga Kampala. A 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano bairos ɗin da ake kira Epstein-Barr, na farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. Daga baya aka fahimci yadda abin yake: zazzaɓi mai maimaituwa yana gajiyar da garkuwar jikin yaro, yana kuma sa ƙwayoyin jini masu ƙera makaman kariya su yi ta ninkuwa, bairos ɗin ya sami sarari, har kuskure ya auku a ƙwayoyin gado, ƙari ya tsiro.

Nijeriya na da hannu a wannan tarihi. A Ibadan, a 1963, Robert Pulvertaft ya raya ƙwayoyin wannan sankara daga jikin wani yaro, kuma har yanzu ana bincike da su a ɗakunan gwaji na duniya. A can ne kuma Victor Ngu, ɗan Kamaru, ya yi gwajin magunguna. Shi da Burkitt suna cikin waɗanda suka karɓi lambar yabo ta Lasker a 1972, domin sun nuna cewa wannan ƙari mai saurin girma yana narkewa da magani, yaro ya warke idan an kawo shi da wuri.

Ya bar Yuganda a 1966, ya koma nazarin amfanin dusar hatsi da ganye ga lafiyar hanji. Ya rasu a Ingila ranar 23 ga Maris, 1993, yana da shekara 82.