Paparoma Piyus na Tara, Yaron da Ya Tashi da Farfaɗiya

'Yan'uwa cikin Kristi, ranar 7 ga Fabrairu ta kowace shekara Ikilisiya takan tuna da Mai Albarka Paparoma Piyus na Tara. Mun san shi a matsayin wanda, bayan Manzo Bitrus, ya fi kowa daɗewa a kan kujerar Roma. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, ya tashi da ciwon farfaɗiya, ciwon da har yau ake ɓoye yara saboda shi a cikin gidajenmu, a nan Tudun Wada da ƙauyukan kewaye.

An haife shi ranar 13 ga Mayu, 1792, a garin Senigaliya na bakin teku a ƙasar Italiya, aka raɗa masa suna Jiyobanni Mariya Mastai-Feretti. Gidansu gidan sarauta ne. A 1803 aka kai shi makarantar limamai a garin Boltera. Yana cikin karatu ciwon ya soma kayar da shi, har a 1809 ya zama tilas ya bar makaranta ya koma gida. A zamanin nan babu maganin farfaɗiya na gaskiya ko ɗaya, domin na farko mai ɗan amfani sai a 1857 aka gano shi. Babu kuma wata hanya ta sanin abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwar mai ciwon.

Da ya zama saurayi sai ya tafi Roma ya nemi shiga rundunar dogaran Paparoma, amma ciwonsa ya rufe masa wannan ƙofa. Ya koma aiki a gidan marayu na Tata Jiyobanni, yana koyar da yaran da ba su da kowa. A can kiran Ubangiji ya ƙara ƙarfi a zuciyarsa. Sai dai dokar Ikilisiya ta lokacin tana hana naɗa mai farfaɗiya firist. Paparoma Piyus na Bakwai ne ya dubi halinsa ya ɗage masa dokar, aka naɗa shi ranar 10 ga Afrilu, 1819, bisa sharaɗin cewa duk lokacin da zai miƙa hadayar Mas, wani firist ya tsaya kusa da shi, don kada ya faɗi a gaban bagadi. Mu firistoci mun san nauyin irin wannan sharaɗi a zuciyar sabon firist. Ya karɓa da tawali'u. Faɗuwar ta yi ta raguwa, daga baya aka janye sharaɗin, shi kuwa ya danganta sauƙin da ya samu ga roƙon Budurwa Maryamu.

Daga nan hanya ta buɗe. Daga 1823 zuwa 1825 ya raka wakilin Paparoma zuwa ƙasar Chile a Kudancin Amurka. A 1827 ya zama Babban Bishop na Sifoleto, a 1832 aka mai da shi Imola, a 1840 aka bayyana shi Kadinal. Ranar 16 ga Yuni, 1846, aka zaɓe shi Paparoma yana da shekara 54. Wanda aka hana gadin ƙofar fada, ga shi ya zama mai fadar.

Mulkinsa bai kasance na hutu ba. A 1848 tarzoma ta kore shi zuwa garin Gayeta, bai dawo Roma ba sai 1850. Ranar 8 ga Disamba, 1854, ya tabbatar da koyarwar cewa an ɗauki cikin Budurwa Maryamu ba tare da zunubin asali ba. A 1869 ya buɗe Majalisar Batikan ta Farko, a 1870 kuma sojojin Italiya suka ƙwace birnin Roma daga hannunsa. Akwai hukunce-hukuncensa da har yau ake zarginsa a kansu, musamman raba wani yaro Bayahude da iyayensa a Bolonya a 1858. A zamaninsa ne, a 1856, aka kafa ƙungiyar SMA a Faransa, wadda firistocinta suka iso Shendam a 1907, daga baya suka kai bishara wurare da dama a arewacin ƙasarmu. Ya rasu ranar 7 ga Fabrairu, 1878, yana da shekara 85. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa shi cikin Masu Albarka a shekara ta 2000. Ita ma dokar da ta so hana shi firistanci, an cire ta daga kundin dokokin Ikilisiya a 1983.

Abin da yaron Senigaliya bai samu ba, yaranmu suna iya samu. A 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara auna siririyar wutar lantarki da ƙwaƙwalwar mutum ke aiki da ita. Daga nan aka tabbatar cewa farfaɗiya hargitsewar wannan wuta ce na ɗan lokaci. Gwajin, wanda likitoci ke kira EEG, ana yi wa yara har da jarirai. Akan manna ƙananan ƙarafa a fatar kai, na'ura ta zana motsin ƙwaƙwalwa na kimanin rabin sa'a, sau da yawa yaron yana barci. Ba allura, ba ciwo, ba a kuma sa masa wuta a kai. Gwajin yana taimakon likita ya gane irin farfaɗiyar da maganin da ya dace, amma bayanin uwar da ta ga faɗuwar da idonta shi ne tushen bincike. Asibitin Koyarwa na ABU, wanda manyanmu suka sani a nan Tudun Wada kafin ya koma Shika a 2005, yana da likitocin yara masu duba irin wannan ciwo.

Saboda haka, mu riƙe waɗannan. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Wahalar haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, ko buguwa a kai, duk suna iya jawo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan bakwai cikin goma na masu ita za su daina faɗuwa in sun sami magani daidai suna sha ba fashi. Idan yaro ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a kara ƙafarsa a wuta. In jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya da shi asibiti.

Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Mu katikis, malaman makaranta da zumuntar mata, kada mu yarda a cire yaro daga aji ko a hana shi hidimar bagadi saboda wannan ciwo. Firist ɗin da aka sa ya tsaya kusa da Fada Mastai bai san yana tsaye kusa da Paparoman gobe ba. Allah ya ba mu zuciyar tsayawa kusa da yaranmu haka. Mai Albarka Piyus na Tara, ka yi roƙo dominsu. Amin.