Farfesa Abdus Salam: Yaron Jhang da Ya Nemi Tushen Ƙarfin Halitta

An haifi Abdus Salam a shekarar 1926, ya kuma tashi a garin Jhang na yankin Punjab, wanda yanzu ke cikin Pakistan. Mahaifinsa ma'aikacin ilimi ne, ba mai dukiya ba. Yana da shekara 14 ya ci jarrabawar shiga jami'a da makin da ba a taɓa samun irinsa a Jami'ar Punjab ba. A 1946 ya sami tallafin karatu zuwa Kambirij a Ingila.

Ya koma Lahore a 1951 domin koyarwa, amma ba abokan bincike, ba isassun littattafai. Dole ya sake komawa Ingila a 1954. Wannan abu ya tsaya masa a rai, shi ya sa a 1964 ya kafa cibiyar nazarin fiziks a Trieste ta ƙasar Italiya, inda masana daga ƙasashe matalauta ke zuwa su yi 'yan watanni, su koma gida.

Masana sun san ƙarfi huɗu a halitta: mai jan abu ƙasa, na lantarki da maganaɗisu, mai tsanani da ke ɗaure cibiyar ƙwayar zarra, da kuma rarrauna. Salam ya nuna cewa na lantarki da rarraunan nan asalinsu ɗaya ne. Saboda haka ya sami kyautar Nobel a 1979 tare da Glashow da Weinberg, kuma gwajin da aka yi a cibiyar CERN a 1983 ya gaskata su.

Bai tsaya nan ba. Shi da Jogesh Pati sun yi ƙoƙarin shigo da ƙarfi mai tsanani cikin haɗin. A 1974 kuma, tare da John Strathdee, ya tsara lissafin wani ra'ayi mai cewa kowace ƙwaya tana da tagwaye, ra'ayin da daga baya ya buɗe hanyar shigo da ƙarfin jan ƙasa. Da nauyin tagwayen daidai yake da na ƙwayoyin da muka sani, da tuni an gan su. Ke nan in suna nan, wani abu ya karya daidaiton, ya sa suka fi nauyi. Har yau ana nemansu.

Salam ya rasu a Oxford a 1996. Ɗalibai, aikin da ya bari bai ƙare ba, kuma ba a ce sai ɗan babban birni ne zai ƙarasa shi ba.