Otto Warburg: Mutumin da ake jingina wa ƙarya a WhatsApp

Wataƙila ka taɓa cin karo da saƙon nan da ke cewa wani mai lambar Nobel ya gano ruwan lemon tsami na kashe kansa. Sunan da ake maƙalawa shi ne Otto Warburg. To, bari ka ji ainihin labarinsa.

An haife shi a Freiburg ta Jamus a 1883. Ya karanci kimiyyar sinadarai a Balin, ya ƙara da likitanci a Heidelberg. Yana cikin sojan doki a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Albert Einstein ya rubuto masa wasiƙa ya lallashe shi ya koma bincike.

A shekarun 1920 ya lura da wani abin mamaki: ƙwayoyin kansa na zuƙar sukari babu ƙaƙƙautawa, amma ba sa ƙona shi duka, ko da akwai iskar oksijin. Kyautar Nobel ɗinsa ta 1931 kuwa a kan numfashin ƙwayoyin halitta ce, ba maganin kansa ba. Duk da mahaifinsa na da tushen Yahudawa, 'yan Nazi sun bar shi yana aiki.

Gwani ne, amma akwai shi da taurin kai. Har ya mutu a 1970, ya kafe cewa lalacewar numfashin ƙwayar halitta ce tushen kansa. Daga baya aka tabbatar sauyin ƙwayoyin gado ne kan gaba.

Ɗauki kansar pankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nau'inta mafi yawa na ɗauke da sauyi a ƙwayar gadon KRAS. Ƙarin yana da tauri, jini ba ya ratsa shi sosai, don haka oksijin kan yi ƙaranci. Daga nan furotin HIF sai ya taru, ya kunna ƙwayoyin gadon da ke ƙara shan sukari da taimaka wa cutar yaɗuwa. Gano wannan makunni ne ya ba Kaelin da Ratcliffe da Semenza Nobel a 2019.

Abin da Warburg ya hango na nan daram, da shi hoton PET ke gano ƙari. Lemon tsami kam ba ya ciki. In ɗan uwanka na ramewa ba dalili, ko idonsa ya yi ɗorawa, asibiti za ka kai shi.