Al-Kashinawi: Malamin Katsina da ya yi fice a lissafi a birnin Alƙahira

A ƙasar Hausa, da an ambaci hatimi sai tunani ya tafi ga allo da rubutun sha. Amma kusan shekara 300 da suka wuce, wani malami daga Katsina ya zauna ya tsara ƙa'idojin lissafin da ke ƙarƙashinsa, har ya yi suna a Masar.

Sunansa Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi. Ya tashi a lokacin da Katsina ke cibiyar ilimi da fatauci, ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da arewacin Afirka ɗauke da haja da littattafai. Cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na ƙasar Bagirmi.

Daga baya ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Makka, sannan ya wuce Alƙahira. A can ya sauka a gidan Sheikh Hasan al-Jabarti, masanin taurari da lissafi, mahaifin fitaccen marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti.

Ya yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi da ilimin taurari. Cikin littattafansa akwai Bahjat al-Afaq, kan ilimin haruffa da hatimai, da kuma al-Durr al-Manzum. Wani rubutunsa na 1732 kan hatimai yana ajiye a makarantar SOAS da ke Landan, kuma Claudia Zaslavsky ta yi bayaninsa a littafinta Africa Counts na 1973.

Yadda ake cike hatimi

Hatimi gidaje ne da ake jera lambobi a ciki, ta yadda duk layin da aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimilla ɗaya zai bayar. Mai gida uku-uku yana ba da 15, mai biyar-biyar kuma 65.

Al-Kashinawi ya mayar da hankali kan hatimai masu gidajen mara, wato uku, biyar, bakwai zuwa sama. Ba da cankar sa'a ake cike su ba. Za a sa 1 a wani gida, sannan ƙa'ida ta nuna gida na gaba, misali tsallen doki na wasan ces: gida biyu gaba, ɗaya gefe. In tsallen ya fita waje, sai a shigo ta ɗaya ɓangaren. In an tarar da gidan a cike, akwai ƙa'ida ta biyu da ke nuna inda za a koma. Haka za a bi har kowane gida ya samu lambarsa.

Wannan tunani na tashi daga mataki zuwa na gaba bisa ƙa'ida shi ne ginshiƙin injinan zamani. Injin cika kwalba irin na masana'antun Sharada da Challawa da Bompai a Kano yana jira, ya cika, ya rufe, ya tura, kowane mataki da wanda ke bin sa. A farkon shekarun 1980, Edmund Clarke da Allen Emerson da Joseph Sifakis suka ɓullo da hanyar da kwamfuta ke bin duk matakan da na'ura za ta iya shiga, ɗaya bayan ɗaya, don gano kuskure tun kafin ya yi ɓarna. Aikin ya ba su lambar yabo ta Turing ta 2007.

Al-Kashinawi bai koma gida ba. Ya rasu a Alƙahira a 1741, daidai da 1154 bayan Hijira, a gidan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. A can aka binne shi.

Har yau yawancin ayyukansa na nan da Larabci, kuma ɗalibin lissafi a Katsina ko Kano zai iya kammala karatu bai taɓa cin karo da sunansa a aji ba.