Mahbubul Hak, mutumin da ya ƙirƙiro ma'aunin da ke sa mu gardama

Duk shekarar da hukumar PNUD ta fitar da rahotonta na ci gaban ɗan Adam, sai ka ji muhawara ta kaure a gidajen rediyo da fadodin shan shayi, daga Yamai har Damagaram. Wasu su ce makircin Turawa ne, wasu su ce gaskiya ce mai ɗaci. To, jama'a masu karatu, wanda ya ƙirƙiro wannan ma'auni ba Bature ba ne. Ɗan Pakistan ne, sunansa Mahbubul Hak, kuma ya yi shi ne don a daina auna ƙasashe da kuɗi kaɗai.

An haifi Mahbubul Hak a shekarar 1934, lokacin da Indiya ke hannun Ingila. Yana da shekara 13 aka raba ƙasar biyu, a 1947, iyalinsa suka yi hijira zuwa Pakistan cikin tarzomar da ta ci rayukan dubban ɗaruruwan mutane. Ya karanta ilimin tattalin arziki a Lahor, ya wuce jami'ar Kambirij ta Ingila, inda ya ƙulla abota da wani ɗalibi ɗan Indiya, Amartya Sen, sannan ya samu digirin dokta a jami'ar Yale ta Amurka.

Da ya komo gida ya shiga hukumar tsare-tsare ta ƙasa, har ya zama babban masaninta. A wannan zamani ya yarda da abin da manyan masana ke koyarwa: a fara tara arziki a hannun masu masana'antu, daga baya zai gangaro wa talaka. Tattalin arzikin Pakistan kuwa ya yi ta haɓaka, duniya tana yabo. Amma a 1968, ana cikin bukin cikar gwamnatin Ayub Khan shekara goma, sai Mahbubul Hak ya fito fili ya nuna cewa iyalai 22 kacal ne ke riƙe da wajen kashi biyu cikin uku na masana'antun ƙasar da mafi yawan bankunanta. Ke nan shi da kansa ya tona aibin tsarin da ya taimaka aka gina. A 1969 Ayub Khan ya sauka daga mulki bayan zanga-zanga.

Daga 1970 zuwa 1982 ya yi aiki a Bankin Duniya, a matsayin darektan tsara manufofi, zamanin shugabancin Robert McNamara. A can ya dage a kan cewa a fara da biyan buƙatun farko na ɗan Adam: abinci, ruwan sha, lekol da likita. Bayan haka ya koma Pakistan ya riƙe ministan tsare-tsare, daga baya ministan kuɗi, a gwamnatin soja ta Janar Ziya'ul Hak. Wannan ya jawo masa suka mai yawa, domin ya yi aiki da mulkin da ya danne ƴancin jama'a, kuma gyare-gyaren da ya so yi da dama ba su kai ga nasara ba.

Shekarun 1980 shekarun ɗaure ɗamara ne. FMI da Bankin Duniya sun gindaya wa ƙasashen da bashi ya yi wa katutu sharaɗin rage kashe kuɗin gwamnati, kuma Nijar ma ta shiga wannan hali bayan faɗuwar farashin uraniyom. Cikin wannan yanayi ne, a 1989, PNUD ta kira Mahbubul Hak. Ya tara masana, har da tsohon abokinsa Sen, suka fitar da rahoton farko a 1990. Ma'aunin, wanda ake kira IDH, ya haɗa abu uku: tsawon ran da ake sa ran jariri zai yi, ilimi, da kuɗin shiga. Ana bai wa kowace ƙasa maki daga 0 zuwa 1. Sen da farko bai gamsu ba, yana ganin lamba ɗaya ba za ta iya ɗaukar rayuwar al'umma ba. Hak ya shawo kansa da hujjar cewa shugabanni ba za su saki tsohon lissafi na kuɗi ba sai an ba su wata lamba mai sauƙi kamarsa.

Rahoton ya nuna cewa Siri Lanka, wadda kuɗin shigarta bai kama ƙafar na Barazil ba, mutanenta sun fi tsawon rai kuma sun fi iya karatu. Cikin ƙasashe 130 da aka auna a 1990, Nijar ce ta ƙarshe, kuma ta sake zama ta ƙarshe sau da yawa, har da rahoton 2005 da na 2020.

Hak bai tsaya nan ba. A rahoton 1994 ya kawo batun tsaron ɗan Adam, wato tsaro daga yunwa, cuta da rashin aiki, ba tsaron iyaka kaɗai ba. Ya kuma goyi bayan shirin 20/20 da taron Kopinhagen na 1995 ya karɓa: ƙasa matalauciya ta ware kashi 20 cikin ɗari na kasafinta, masu ba da tallafi su ma kashi 20 na tallafinsu, don ilimin firamare, lafiya da ruwa. Ya koma Islamabad ya kafa cibiyar bincike a kan ci gaban ɗan Adam. Ya rasu a Niyok ranar 16 ga Yuli 1998, yana da shekara 64, watanni kaɗan kafin Sen ya samu kyautar Nobel.

Tunaninsa ya share hanya ga muradun ƙarni na 2000 da muradu 17 na 2015, waɗanda wa'adinsu zai cika a 2030. Mu ma mun ga amfaninsa. Mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, sakamakon allurar rigakafi, gidan sauro, ƙananan gidajen likita na karkara da maganin yara kyauta da aka fara a 2006.

Sai dai iska ta juya. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, Ingila, Faransa da Jamus su ma sun rage tallafi. Idan kuɗin waje ya ragu, abin da ya rage shi ne kasafin gida. Don haka maimakon mu yi fushi da ma'auni, gara mu tambayi mahukunta nawa aka ware wa lekol, nawa aka ware wa likita, kuma nawa ne ya isa ƙauye. Tambayar da Mahbubul Hak ya yi wa ƙasarsa ke nan a 1968.