Orijin na Iskandariya: Malamin da ya jera Tsohon Alkawari layi shida

Akwai tambayar da akan yi wa mai bishara a ƙauyukanmu, daga Rimin Gado har Karaye, a kasuwa ko a gindin bishiya: yaya aka yi kuka san ba a taɓa Littafin nan naku ba? Wani ɗan Afirka ya sha wannan tambaya fiye da shekara 1,700 da suka wuce, ya kuwa ƙarar da rabin ransa a kanta.

An haifi Orijin a Iskandariya ta Masar wajen shekara ta 185 bayan haihuwar Almasihu. A shekarar 202 aka kama mahaifinsa, Liyonidas, aka fille masa kai saboda bangaskiya. Yaron ya so ya bi shi, sai uwarsa ta ɓoye tufafinsa duka, kunya ta hana shi fita. Hukuma ta ƙwace dukiyar gidan, ya rage shi ke ciyar da uwa da ƙanne shida da ladan koyarwa. Yana ɗan shekara 18 aka danƙa masa makarantar masu shirin baftisma.

A zamaninsa Ikkilisiya da Helenanci take karanta Tsohon Alkawari, wato Fassarar Saba'in, wadda Yahudawan Iskandariya suka fara wajen shekara 250 kafin Almasihu. In an zauna muhawara, Kirista ya kawo aya, sai malaman Yahudawa su ce babu ita a nasu na Ibrananci. Sau da yawa kuwa gaskiyarsu ce. Labarin Susana yana cikin Daniyel na Helenanci, babu shi a na Ibrananci. Littafin Ayuba kuma a Helenanci ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Orijin bai yi musu ba, bai kuma ɓoye ba. Ya koyi Ibrananci, ya tara fassarori, ya jera su layi shida a tsaye, kalma daura da kalma. Layin fari Ibrananci ne. Na biyu shi ne dai Ibranancin, amma da baƙaƙen Helenanci, kamar yadda mu ke rubuta Hausa ɗaya da ajami da boko. Sai fassarar Akila, da ta Simakus, da ta Saba'in, da ta Tiyodoshan. Wannan aiki shi ake kira Heksafla. Inda Helenanci ke da abin da babu a Ibrananci, ba ya gogewa, sai ya ja ɗan layi a gabansa. Inda ya gaza, ya cike daga sauran fassarori ya sa alamar tauraro. A ganina nan ne darajar aikin take: ya bar wa mai karatu shaida ya duba da idonsa.

Wani attajiri, Amburos, ya ɗauki nauyinsa da marubuta fiye da bakwai masu karɓa-karɓa. A Zabura har ya ƙara wasu layuka, ɗaya daga wata fassara da aka tsinta cikin tulu kusa da Yariko.

Saɓani ya shiga tsakaninsa da bishop ɗinsa, Dimitiriyas, don an naɗa shi fasto a Kaisariya ba da izininsa ba. Wajen 231 ya koma can da zama. A tsanantawar sarki Disiyas, shekarar 250, aka ɗaure shi aka gana masa azaba. An sake shi, amma jikin bai komo ba, ya rasu wajen 254. Bayan shekara 300 Ikkilisiya ta la'anci wasu koyarwarsa, ciki har da zancen cewa rayuka sun wanzu kafin haihuwa.

Heksafla ta yi girman da ba a iya kwafe ta duka. Sai masu kwafi suka riƙa ɗaukar layi na biyar kaɗai, da yawansu suna zubar da alamomin. Ta haka aikin da aka yi don a rarrabe ya zama sanadin gauraya. Abin da ya ceci alamomin shi ne fassarar Suriyanci ta Bulus na Tella wajen 617. Asalin littafin ya ɓace, sai guntaye.

Jerom ya duba shi a Kaisariya kafin ya ɓace, shi ne kuma ya fassara Tsohon Alkawari zuwa Latin daga Ibrananci. Nassin Ibrananci ne Littafi Mai Tsarki na Hausa ya bi, tun bugun 1932 na Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa, shi ya sa Ayuba namu cikakke ne.

A 1947 makiyaya suka sake tsintar tuluna a kogunan Kumran, ba nisa da Yariko. Naɗaɗɗen littafin Ishaya da ke ciki ya girmi tsofaffin kwafin Ibrananci da aka sani da kusan shekara 1,000, ya kuma yi daidai da su a galibin wurare. Amma a kogo na huɗu an sami guntayen Irmiya da Ibrananci iri biyu: doguwar da muke karantawa, da gajeriyar da masu Fassarar Saba'in suka yi aiki da irinta.