Baba Mutuniyar Karo: Ungozomar da Nazarin Matan Hausawa Ya Jingina da Ita

Da wuya a buɗe kundin digiri a kan aure, haihuwa ko zaman kulle a ƙasar Hausa a rasa Smith (1954) a cikinsa. Sunan da manazarta ke rubutawa na Mary F. Smith ne, amma mai maganar da ke cikin littafin wata tsohuwa ce da ake kira Baba, wadda ba ta yi karatun boko ba, ba ta kuma rayu ta ga littafin da idonta ba. An fi ɗaukar ta a matsayin rumbun da ake ɗebo bayanin al'adu. Wannan maƙala za ta dube ta ne a matsayin ma'aikaciya, domin mace ce da ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta ƙare rayuwarta tana karɓar haihuwa da renon 'ya'yan wasu.

An haifi Baba a rubu'in ƙarshe na ƙarni na 19, kuma 1877 ce shekarar da kundayen laburare suka rubuta mata. Karo ƙauye ne a kusa da Zarewa, kudu maso yammacin ƙasar Kano, daf da iyaka da Zazzau. Danginta Barebari ne da suka daɗe da zama Hausawa. Mahaifinta, Tsoho, manomi ne kuma malamin allo, sunan mahaifiyarta Fatsuma. Gidan masu rufin asiri ne, suna da rinji da bayi masu yi musu noma, Baba kuma ta tashi tana wasa da 'ya'yan bayin nan. Zamani ne na rashin kwanciyar hankali: mahara kan faɗa wa ƙauyuka su kama mata da yara, sai dangi su bi sawu, su tara kuɗin wuri su fanso nasu. Shi ya sa da ta zo ba da labarin zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903, ba ta ɓoye cewa talakawan Haɓe irinta sun yi maraba da ƙarewar hare-hare ba. Wannan shaida takan yi wa mai nazari na yau nauyi, amma ba dalili ba ne na tsallake ta. Macen da ta ga an kama 'yan gidansu tana da ma'auninta na zaman lafiya.

Sau huɗu Baba ta yi aure. Na farko auren zumunci ne da ɗan'uwanta Duma, tana da shekara 14, ta amince da shi don biyayya ga mahaifinta, bai kuwa yi ƙarko ba. Na biyu da Malam Maigari, wanda shi ne take so tun da fari, sun zauna kimanin shekara 15 kafin su rabu. Daga nan ta auri Malam Hasan, manomi kuma mai tsaron gidan yari, ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau. Bayan rasuwarsa ta yi auren takalmi da wani mai suna Ibrahim, wato tana zaune a gidanta, mijin ne ke zuwa. A duk waɗannan gidaje Allah bai ba ta haihuwa ba.

A nan ne rayuwarta ta fi ba manazarci abin tattaunawa. A al'ummar da darajar matar aure ta rataya a kan haihuwa, ana iya zaton juya za ta koma gefe. Abin da ya faru da Baba ya saɓa wa wannan zato, kuma dalilin yana cikin tsarin reno na Hausawa kansa. Uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a gaban jama'a, don haka dole a sami wata da za ta yi masa abin da uwar ba za ta yi ba. Idan aka zo yaye, bayan shayarwa ta kusan shekara biyu, akan kai yaro wajen kaka ko gwaggo, sau da yawa kuma can zai ci gaba da zama. Idan aure ya mutu, 'ya'ya sukan tsaya a gidan uba a hannun kishiya ko wata dattijuwa. Ga kuma riƙo, inda ake ɗaukar yaro a ba 'yar'uwar da ba ta da nata. Ta wannan hanya Baba ta sami 'ya'ya, ta ciyar da su, ta yi jinyarsu, ta kuma tsaya a kan aurensu. Haihuwa ta mutum ɗaya ce, reno kuwa an rarraba shi a hannuwa da dama, kuma mace irin Baba tana cikin ginshiƙan wannan rabo.

Haka abin yake a sana'arta ta ungozomanci. Aikin ungozoma bai ƙare da yanke cibiya da binne mabiyiya ba. Akwai wankan jariri, da kula da mai jego a kwanakin da take wankan ruwan zafi safe da yamma tana shan kunun kanwa, da hidimar ranar suna. Ladan wannan aiki yakan zo ne a matsayin kyauta: hatsi, nama daga ragon suna, 'yan kuɗi, da kuma alhakin da ya hau kan iyalin na tuna ta idan ta tsufa. Wanda ya karanta labarinta da idon lissafi zai ga cewa biki da gudummawa da ƙawance, waɗanda ta yi bayaninsu dalla-dalla, su ne inshorar matan zamaninta. Abin da mace ta kai bikin ƙawarta bashi ne da za a mayar mata da ƙari ranar nata bikin.

Haɗuwarta da masu bincike ta zo ne a ƙarshen rayuwarta. M. G. Smith, masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar Jamaika, ya zo Zazzau a 1949 don nazarin tattalin arzikin ƙauyuka, aikin da ya haifar da The Economy of Hausa Communities of Zaria (1955) da Government in Zazzau (1960). Kasancewarsa namiji, iyakarsa zaure. Matarsa Mary, wadda ta koyi Hausa, ita ce ke shiga cikin gida, a Giwa kuma ta haɗu da Baba. Tsakanin Nuwamba 1949 da Janairu 1950 suka yi ta zama, kimanin mako shida, Baba na magana, Mary na rubutawa da hannu cikin Hausa. Baba ta rasu a Giwa a watan Yuni na 1951. Kamfanin Faber and Faber na Landan ya buga fassarar Ingilishi a 1954 da sunan Baba of Karo, tare da gabatarwa da ƙarin bayani daga M. G. Smith, sannan maɗaba'ar Jami'ar Yale ta sake bugawa a 1981. Matanin Hausa bai fito ba sai 1991, a Jami'ar Bayero, da sunan Labarin Baba. Wato shekara 37 masana suna karanta Bahaushiya cikin Ingilishi kafin Hausawa su karanta ta da harshenta. A ganina, duk nazarin da aka yi a sashen Hausa ya kamata ya dogara da bugun 1991, domin kalmomin zumunta da na reno su ne suka fi shan wahala a fassara.

Waɗanda suka biyo baya sun faɗaɗa ƙofar da ta buɗe. Polly Hill ta nuna girman cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida a Batagarawa. Enid Schildkrout ta bi diddigin tallar yara a birnin Kano, ta nuna yadda sana'ar uwa ta dogara da ƙafar 'yarta. Renée Pittin ta yi nata a Katsina, Barbara Callaway a Kano. Sai dai yawancin waɗannan ayyuka sun fi karkata ga abin da mace ke samarwa na kuɗi. Aikin da ba a saye ba a sayarwa, wato reno da jinya da kula da tsofaffi, shi ne ya daɗe bai sami mai ƙirga shi ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa mata ne ke yin kashi 76.2 cikin ɗari na irin wannan aiki a duniya, kuma Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na 2015 sun nemi ƙasashe su san da zamansa a ƙarƙashin muradi na biyar.

Ga mai bincike a tsakiyar Jigawa, wannan labari ba na nesa ba ne, domin Garki da Ringim da Dutse duk gundumomin masarautar Kano ne a zamanin Baba. Garki ma ta taɓa zama filin wani shahararren bincike: tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da nazarin zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukanta, Molineaux da Gramiccia suka wallafa sakamakon a 1980. An ƙirga sauro, an gwada jini, an rubuta haihuwa da mutuwa. Matar da ta kwana a zaune da yaro mai zazzaɓi ba ta cikin abin da aka je aunawa, kuma ba lallai ne ita ce ta haife shi ba. Shirye-shiryen jiha irin su Haihuwa Lafiya, da ke ƙoƙarin kai mai naƙuda asibiti a kan lokaci, sun taɓa matsala ta gaske, musamman inda haihuwa ta zo da gardama. Amma takardar tambayoyin da ta san uwa da ɗanta kaɗai za ta tsallake kaka da gwaggo da uwar riƙo. Da za a shiga gidan Baba a Giwa da irin wannan takarda, a gurbin yawan 'ya'ya sifili za a rubuta mata, alhali ga yaran da ta rena suna shige da fice a tsakar gida.